Jan Fenti a Gonar Surukai

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafi yau ba za ta biyo ni gida. Kwana huɗu ba mu ga wuta a unguwarmu ba, wayar ma sai kasuwa na kai ta caji. To ga shi nan, kowa ya gyara zama.

*

Kwana goma sha ɗaya ke nan Nu'uman yana yawo da gwangwanin fenti biyu a bayan babur, ɗaya ja ɗaya fari, alhali tun makon jiya ya kamata a ce ya ajiye su.

Aikin ba mai wuya ba ne. An kawo Shirin Gona Ɗaya garin Wagini. Gonakin nesa da ke wajen dajin Ruma tsoron ɓarayi ya sa an bar su, saboda haka za a haɗe na bakin gari, tarakta ta yi huɗa, a ba da taki da iri. Sharaɗin shi ne a share itatuwa don tarakta ta samu miƙewa. Nu'uman, da yake shi ne malamin daji na yankin, shi ya yi ta jayayya a taruka har aka yarda ba za a aske ƙasar gaba ɗaya ba. Itacen da ke kan iyaka a shafa masa fari ya tsira, na tsakiya a shafa masa ja katafila ta tuge shi. Gonar da aka bar itace a tsakiyarta kuwa, a cire ta daga shirin.

Duk itatuwan ya shafa musu, saura ɗaya. Ɗorawar da ke tsakiyar gonar surukinsa, Malam Armaya'u.

Da safiyar Laraba yana ɗaure gwangwanayen da roba, matarsa Kamila ta tsaya a ƙofar ɗaki da mayafi a kafaɗa.

"Abban Mahfuza, gwangwanayen nan sun fi ni hawa babur ɗinka a watan nan."

"Aiki ne."

"Aikin da ya rage itace ɗaya?"

Ya ƙara jan robar kamar ita ta yi masa laifi.

"Gobe katafila za ta zo," in ji ta. "Ka yi wa Baba magana?"

"Shi da kansa ya dangwala hannu a fom. Me zan ce masa?"

"To Inna fa? Ka san da kalwar itacen nan take daddawa."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta ce ya shiga kasuwa ba riga.

Ku da ba ku san Nu'uman ba sai ku ɗauka tsoro ne. Ba tsoro ba ne, kunya ce, irin wadda aka daina yayinta a birni. Shekara tara da aurensu bai taɓa haɗa ido da surukarsa Inna Hansai ba, bai taɓa kai loma baki a gabanta ba. Ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba, daga "uban Mahfuza" sai "malamin daji". Mutumin da ke tsayawa gaban manya a Katsina ya yi bayani har a tafa masa, da ya shiga zauren surukansa harshensa ke naɗewa.

"Matsa gaba," in ji Kamila, tana gyara zani. "Mahfuza na makaranta sai azahar. Yau ni ce bakinka."

*

Tun daga bakin zaure warin daddawa ya tarye su. Tunda dunƙulen miya na kanti ya yi tsada, mata har daga Batsari suke aiko wa Inna Hansai, ita ce ta riƙe tukunyar gidan shekara biyun nan. Suka same ta a tsakar gida tana wanke kalwa a wata tsohuwar ƙwarya.

Malam Armaya'u na ƙarƙashin rumfa yana sa wa garma ƙota, ya ɗaure ƙugunsa da rawani saboda ciwon baya. Kusa da shi ga turaku biyu a kafe, babu komai a jikinsu. Shekara biyu ke nan da ɓarayi suka kore shanun huɗarsa, har yau ya hana a tuge turakun.

Nu'uman ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, idonsa a ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. Kun tashi lahiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya zahi?"

"Lokacinsa ne."

"Ya mutanen Batsari? Ya amaryata Mahfuza?"

"Tana gaishe ka."

Ya juya inda Inna take, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya sake gaisuwar tun daga farko. Ta amsa tana kallon ƙwaryarta. Da gaisuwa ta ƙare sai gidan ya yi tsit, har ana jin tattabaru a kan rumbu.

Kamila ta zauna a tsakiya a kan turmi, ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Inna, cewa yake gobe katafila za ta zo."

"Hwaɗa mashi mun ji."

"Abban Mahfuza, sun ji."

"Na ji sun ji," ya ce a ciki-ciki.

"Hwaɗa mashi shi yi aikinshi," in ji Malam Armaya'u, yana buga ƙota da ƙarfi fiye da yadda take buƙata.

"Aikin ne ya gagara, Baba. Kwana goma sha ɗaya yana zuwa gindin ɗorawar nan da buroshi yana komawa. Ba ja, ba fari."

Hannun Inna Hansai ya tsaya cak a cikin ruwa.

"Kwana nawa?"

"Sha ɗaya, Inna."

Ta juya a hankali ta dubi mijinta.

"Malam."

"Hansai."

"Kai ka ce mani kun yi magana da shi. Ka ce an gyara, hwari za a shahwa."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya kama duba ƙotar kamar yau ya fara ganinta.

"Na yi niyya," ya ce. "Sau ukku ina hawa babur ɗin haya ina zuwa ohis ɗinsu."

"To?"

"In na je sai mu gaisa."

"Sai mi?"

"Sai in taho."

Nan Nu'uman ya tuna. Sau uku kuwa Baba ya zo ofis a watan nan, da tsadar man nan da komai. Ya gaishe shi, ya tambayi Mahfuza, ya ajiye ƙullin gyaɗa a kan tebur, ya yi ta kallon silin, sannan ya ce bari ya koma kada rana ta yi. Shi kuwa ya raka shi har tasha yana jin daɗin yadda surukinsa ke ƙaunarsa. Ashe kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara.

Kamila ta rufe baki da mayafi, dariya na neman ƙwace mata.

"Wallahi ku biyun nan kun dace da juna. Da ku aka bar wa neman aurena da har yanzu ina gida."

"Ke, yi mana shiru," in ji Inna, amma ita ma gefen bakinta ya motsa. Ta tsame hannu ta goge a zani. "Malam, ka hwaɗa masu ko in hwaɗa?"

"Hansai, gaban yara?"

"Waɗanne yara? Dubi kan malamin daji, hurhura ta hwara hito mashi."

Nu'uman ya ƙara jawo hularsa.

"Shekara arba'in kin riƙe," in ji tsohon, muryarsa ta yi ƙasa. "Yau za ki saki?"

"Kai ka dangwala hannu a kan abin da ba naka ba. Mi kake so in yi?"

Kamila ta daina dariya.

"Ba nasa ba kamar yaya, Inna? Gonar ba ta Baba ba ce?"

"Gona tashi ce. Ɗorawa tawa ce."

"Ya ba ki kyauta ne?"

"Sadakina ce."

Malam Armaya'u ya ajiye garmar a hankali, ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

Inna Hansai ta gyara zama. Ba ta dubi kowa ba, turakun nan biyu take kallo tana magana.

"Shekarar da munka yi aure hwarin ruwa anka yi. Gero bai hidda kai ba. Ubanki ba shi da akuya, ba shi da kaza, riga ɗaya gare shi, in ya wanke ta sai ya zamna ɗaki har ta bushe. Masu shanu sun zo nemana, na ce ni dai mai riga ɗaya."

"Riga biyu ce," in ji tsohon daga cikin tafin hannunsa.

"Ɗayar ta yayanka ce." Ta ci gaba. "Ranar ɗaurin aure ta matso, babu sadaki. Sai ya je wurin kawuna ya ce shi abin da ya mallaka duk duniya gonar gado ce da ɗorawar da ke cikinta. Gona ba ta bayuwa, ita za mu ci. Amma ga ɗorawa. Kawu ya kira liman, liman ya ce ya halatta. Anka kira shaidu biyu anka tahi gindinta, ubanki ya ɗora hannu a jikinta ya ce ya ba ni, da saiwarta da 'ya'yanta da inuwarta."

"Kuma ba wanda ya sani?" Kamila ta tambaya.

"A masallaci liman cewa ya yi sadaki an bayar, bai ƙara ba. Ubanki ya roƙe su kada a ji, kada samari su sa shi a waƙa, a ce ga wanda ya auri mace da itace. Kawu ya rasu, liman ya rasu, shaidu sun rasu. Saura ni da shi da ɗorawa."

Kamila ta dubi mahaifinta, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Baba, wannan ne abin kunya?"

"Ke ba ki san samarin lokacinmu ba," ya ce.

"Tun daga nan," in ji Inna, "duk shekarar da anka yi albarka sai ya jawo karsana ya ce in amsa in maido mashi itacenshi, wai shi hita kunya. Sau huɗu yana kawowa ina ƙi. Na ce mashi saniya tana da ƙahwa, ɗorawa ba ta da." Ta nuna turakun da haɓa. "To ina shanun yanzu, Malam?"

"Kin ci gari, Hansai."

"Na dai ci ɗorawa."

Duk da halin da ake ciki sai da tsohon ya murmusa. Nu'uman ya ji ƙaunar mutanen nan biyu ta cika masa ƙirji, tare da wani tsoro. Bai san lokacin da ya manta da Kamila ya yi magana kai tsaye ba.

"Amma Inna, fom ɗin mai gona kaɗai ya tambaya. Babu inda aka ce mai itace."

"Kamila, hwaɗa mashi wanda ya rubuta takardar ga bai taɓa zama rabon gado a ƙauye ba. Gona daban, itace daban. Tsamiyar bakin hanya da ya shahwa ma ja, ta maƙwabciyarmu Kaka ce, gadon uwarta. Mijinta ko ɗa ɗaya bai tsinka sai ya tambaye ta. Kukar bayan maƙabarta ta 'yan mata ukku ce marayu. Da yawa cikin jajayen nan nashi na mata ne."

"Me ya hana a faɗa?"

"Wa ya tambaye mu? Maza anka kira taro."

Nu'uman ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. A ƙauye aka haife shi, kakarsa ma tana da kanya a gonar wani. Ya san wannan tun yana yaro. Amma da kamfanin da aka ba kwangila ya kawo fom a buge da Turanci, layi-layi, sai ya bi layin ya manta da kakarsa. Shi da yake taƙama ya ceci itatuwa a taro, bai tambayi ko na wane ne ba.

"Hwaɗa mashi ba laihi nika ɗora mashi ba," in ji Inna, da ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka. "In ba don shi ba da ko na kan iyaka ba a bari ba. Mun sani."

Kamila ce ta tambayi abin da kowa ke gudu.

"To yanzu in ya shafa fari?"

"Za a cire gonar," in ji Nu'uman, kansa a ƙasa. "Babu tarakta, babu taki. Na roƙa sau biyu, an ce in an yi wa ɗaya sai kowa ya nema."

"A cire," in ji Malam Armaya'u. "Ga garmata."

Inna Hansai ta dube shi, ta dubi rawanin da ya ɗaure ƙugu da shi.

"Bara da damina na kai maka hura gona," ta ce. "Na iske ka kwance cikin kunyar gero, huskarka cikin ƙasa."

"Hutawa nike."

"Da baki cike da ƙasa?"

"Santsi ne."

"Na tsaya bayan ɗorawa ina kallonka, Malam. Sau ukku kana yunƙurawa kana komawa. Ban hito ba sai da ka tashi ka kakkaɓe riga, don kada ka ji kunya. Buhu nawa munka samu bara?"

Ya kawar da kai.

"Daddawa miya ce, ba tuwo ba ce," ta ce. "Ba ni iya ƙara tsayawa bayan itace ina kallon haka. Na bar maka ita. A shahwa ja."

Tsohon ya ɗago da sauri har bayansa ya amsa, ya yamutse fuska.

"Mace ba ta maida sadaki sai ta gaji da aure."

"Wa ya ce na gaji? Da gajiya zan yi da tun zamanin riga ɗaya na yi."

"To ban amsa ba."

"Baba," in ji Nu'uman a hankali, "ai in mace ta bayar da son ranta, malamai sun ce..."

"Na sani, ɗana. Na riga ka jin wannan karatun. Ba maganar halacci nika yi ba." Ya nuna matarsa da hannu. "Shekara arba'in matar ga tana gidana. Ban kai ta Makka ba. Ban yi mata ɗakin siminti ba. Zannuwan da na saya mata sun tsuhwa, shanun da na tara sun tahi. Abu guda na taɓa ba ta wanda ya zamna. Shi za ni tsaya a tuge don in ci tuwo?"

Kamila ta fashe da kuka a hankali cikin mayafi. Inna Hansai ta jawo ƙwaryarta ta ci gaba da wanke kalwar da ta riga ta wanku tas.

"Ji tsoho da daɗin baki," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da can ina ka ɓoye shi?"

Wayar Nu'uman ta yi ƙara a aljihu. Ya so ya kashe, sai ya ga sunan Sahabi, shugaban ma'aikatan kamfanin. Ya koma gefe ya kara a kunne, amma wayar irin mai amon nan ce, kowa na ji.

"Malamin daji, kana ina? Mun sauke katafila."

"Yau? Ai gobe muka yi."

"Jami'an tsaron da ke yi mana rakiya yau kaɗai suka samu, gobe Safana za su. Dole mu gama kafin la'asar mu bi su. Ta tsakiya za mu fara, ga mu a gonar Malam Armaya'u. Itacen nan babu ja babu fari. Me ake ciki?"

"Ina zuwa."

"Ka yi sauri. Mai muke ƙonawa."

Kafin ya mayar da wayar aljihu Malam Armaya'u ya dogara turke ya miƙe, ya ɗauki sandarsa ya nufi zaure. Inna Hansai ta ɗauraye hannu, ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta na zuwa biki.

"Inna, ina za ki?" in ji Kamila.

"Wurin sadakina."

*

Gonar ba ta da nisa da gari. Tsoho na gaba da sanda, tsohuwa na bin sa a baya, Kamila na gefenta. Nu'uman ya biyo su yana tura babur da hannu, gwangwanaye na karo da juna, don ba zai iya hawa ya wuce surukansa suna tafiya a ƙasa ba.

Tun daga nesa suka ga katafila, rawaya, tana huci a gefen gonar. Maza sun cika wurin, kowa na murna da tarakta, kuma ba wanda zai ga laifinsu, shekara biyu ke nan yunwa na leƙa gidajensu. Can baya wajen iyaka mata ne tsaitsaye, ba sa cewa komai. Nu'uman ya hango Kaka a cikinsu, ta dafa sanda tana kallon tsamiyarta mai jan tabo.

Ɗorawar na nan a tsakiya, mutum uku ba za su rungume ta ba. An gama tsinkar 'ya'yanta makonni kaɗan da suka wuce, ƙaya na nan kewaye da gindinta inda Inna ta sa don awaki.

Malam Armaya'u ya ture ƙayar da sanda, ya zauna, ya jingina bayansa da itacen.

Sahabi ya taho da hular kwano a kai, ya gaishe da tsohon da ladabi, sannan ya ja Nu'uman gefe.

"Ɗan'uwa, na san surukinka ne. Ni ba ruwana, wallahi. Ja, mu tuge. Fari, mu tsallake gonar mu wuce. Amma ka zaɓi ɗaya."

"Akwai matsala a fom ɗin."

"Fom ɗin ga shi, ga hannunsa." Ya miƙa masa takardar. "Wace matsala?"

Nu'uman ya buɗe baki, ya dubi tsohon, ya rufe. Sirrin shekara arba'in ne, ba shi aka ba ajiya ba.

"Matsalar ni ce," in ji Inna Hansai.

Ta ratso maza ta tsaya a gaban itacen. Ba ta ɗaga murya ba, amma direban katafila ya rage wuta don a ji.

"Itacen ga ba na Malam ba ne. Nawa ne. Sadakina ne."

Malam Armaya'u ya runtse ido yana jiran dariyar da ya shekara arba'in yana gudu. Ba wanda ya yi. Wani dattijo a cikin taron ya ce, "Allah Sarki, Armaya'u," a hankali, shi ke nan.

"To yaro," ta ce wa Sahabi, "ina inda mai itace ke sa hannu a takardar taku?"

Sahabi ya karɓi fom ɗin ya juya gaba da baya, ya mayar wa Nu'uman.

"Babu wurin, Inna."

"Sai a yi mashi wuri. Kamila, sauko mani da gwangwanayen."

Kamila ta dubi mijinta. Bai hana ba, bai kuma ce ta yi ba. Ta kwance robar ta ajiye su a gaban uwarta, ta ɓalle murafen. Fari a dama, ja a hagu.

Matan da ke iyaka suka matso. Kaka ce a gaba.

"Hansai," in ji Kaka, "abin da kinka yi shi za a yi muna."

"Na sani, Kaka. Kowa ta san abin da ke gidanta. Ni na san abin da na gani bara."

Ta tsuguna. Ta naɗe hannun riga. Ta dubi ɗorawar tun daga saiwa har sama, ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi. Sannan ta tsoma babban yatsanta cikin ja.

Ba wanda ya ga lokacin da tsohon ya taso. Mai ciwon bayan nan da sai ya dafa turke yake miƙewa, sai ga shi a gabanta ya kama wuyan hannunta. A gaban maza, a gaban mata, a gaban 'yarsa da surukinsa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidansa.

"Ban amsa ba, Hansai."

"Sake ni, Malam. Mutane na kallo."

"Su kalla."

"Ba kai nika ba ba. Gwamnati nika ba."

"Ko wa za ki ba, ta gabana za a wuce da ita."

Jan fenti ya gangaro daga yatsanta ya bi tafin hannunta, ya sauka a kan yatsunsa, ya shiga hannun rigarsa. Ba ta fizge ba, shi ma bai saki ba. Idonta ya kaɗa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ina son itacen ga," ta ce, "amma ba itace na aura ba."

Sahabi ya dubi agogo, ya dubi sama, ya yi gyaran murya.

"Malamin daji, minti biyar. In ba haka ba na tsallake."

Nu'uman na tsaye da takardar a hannu. Kansa na ƙasa kamar kullum, ƙafafun surukansa kawai yake gani da ɗigon ja a kan ƙasa.

"Ɗana," in ji Malam Armaya'u, "kada ka ba ta."

Inna Hansai ba ta juya wajen Kamila ba a wannan karon. Ba ta ce a faɗa masa ba.

"Nu'umanu."

Kamila ta dafe ƙirji. Shi kuwa sai da ya waiga ya ga ko da wani ake.

"Da kai nike, Nu'umanu. Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago. Karo na farko a shekara tara ya ga idon surukarsa, jajaye, cike da ƙwalla, irin na Kamila sak.

Ta miƙo masa ɗaya hannun, wanda ba a riƙe ba.

"Kawo takardar."